Matthew, Wanda Ya Rufe wa Maigidansa Ƙofa

Da asuba, ina fitowa daga ɗan masallacin garejinmu da ke unguwar Alibandeng, a nan Gabon, na tarar da Matthew tsugune a bakin famfo yana wanke rariyar injin sanyaya ɗaki da tsohon burushin haƙori. Ya ɗauraye ta, ya jingina ta a jikin tayar wata babbar mota don ta tsane, ya goge hannu a wando. Daga nan ɗan ɗakin da ke bayan ofis zai shiga, ya zauna gaban kwamfuta yana jiran layi. A watan nan, bayan zaɓen da ya ƙare da ƙone-ƙone, hukuma na yanke intanet da magariba, ba a maido shi sai gari ya waye. Matthew ba ya son layin ya dawo ba ya wurin.

Na ce, “Bakano, kai da ba ka da sallar asuba, me ya hana ka barci?”

Ya ce, “Shef, ai ba a barin Damagarawa da ƙarfe babu mai gadi. Kafin in iso kun kwance shi kun ɗora a sikeli.”

“Ka ji bawana da bakin tsiya.”

Ya yi murmushi, amma bai kai ido ba. A ranar babu mai dariyar gaske a garejin.

Ni Abdoulaye ne, mutumin Damagaram, ni ke fitar da motoci a kamfanin jigilar kaya na Alhaji Idrisa, shi ya sa ake ce mini Shef, wato shugaba da Faransanci. Motocinmu suna ɗaukar shinkafa, man girki, siminti da kwanon rufi daga tashar jirgin ruwa, su bi ta Ntoum su nausa cikin ƙasa, su dawo da abin da suka samu. Na tsufa a wannan aiki. Masu daɗin baki da yawa sun shigo sun fita a gabana, ban riƙe sunayensu ba. Na Matthew na riƙe.

Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Kano. Ubansa manomi ne, shi ke karanta Littafi a coci ranar Lahadi idan fasto bai zo ba. Matthew ya koyi gyaran rediyo a Sabon Gari, daga rediyo ya koma talabijin, daga nan kwamfuta, a shagon wani mutum da ke buga wa jama'a takardu. Bai taɓa gaya mini abin da ya fitar da shi daga Kano ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na sani, ta ruwa ya zo, daga Kalaba, a irin kwalekwalen da ba a gaya wa uwa an shiga. Ya yi shekaru a wani shagon intanet a unguwar Awendjé yana gyara injuna yana taimaka wa 'yan kasuwarmu da abin da ya shige musu duhu. A can Alhaji ya tsinto shi. A coci, cikin Ibo da Yarabawa, “Aboki” suke ce masa. A gareji kuma direbobi “Fasto” suke kiransa, shi da ko addu'ar cin abinci a zuci yake yi. Duk wanda aka kira yana amsawa. Matarsa Magdalene tela ce, suna da 'ya ɗaya, Loveth, wadda aka haifa a nan, Faransancinta ya fi Hausarta ƙarfi.

Shi ya kawo mana abin da ake kira saba. Baƙin akwatin ƙarfe ne da bai wuce gwiwa ba, yana zaune a ɗakin nan na bayan ofis yana gurnani a hankali, ba ya son zafi. A cikinsa Matthew ya gina wani shafi irin na intanet, amma namu ne mu kaɗai. Ka buɗe ka ga kowace mota: wa ke tuƙa ta, me ta ɗauka, ina ta nufa, yaushe za ta tashi. Ya ɗauki hoton takardun motoci da na kaya da katin zama na kowane direba ya zuba a ciki, saboda ruwan Gabon ba ya tausayin takarda. Kafin zuwansa da allo da alli nake aiki, sai ihu.

Da fari shafin ba ya fita daga gareji. Kwamfutocin ofis da aka haɗa da waya su kaɗai ke ganinsa. Sai yayan Alhaji ya ji labari. Alhaji Babba muke ce masa, a Maraɗi yake zaune. Shi ya sayi motar farko ta kamfanin, shi kuma ya turo Alhaji Idrisa Gabon tun yana saurayi. Ya ce shi ma yana son ya riƙa ganin motoci daga inda yake. Alhaji ya ce a buɗe masa.

Matthew bai ƙi ba. Ya dai roƙi a bar shi ya ba kowane mutum sunansa da lambar sirrinsa, yadda in wani abu ya faru za a san ta hannun wa aka shigo.

Alhaji ya yi dariya. “Yayana zan yanka wa makulli daban kamar ɗan haya? Gida ɗaya ne, Matthew. Lamba ɗaya.”

Lamba ɗaya aka yi. Wanda ya san mu ya san abin da zai biyo baya. Mu Hausawa a nan 'yan kaɗan ne, kuma a kan saƙo muke rayuwa. Mota ba ta tashi zuwa Oyem ko Lambaréné ba tare da ƙullin wani ba: buhun geron wata Hajiya, maganin wani tsoho, kilishi, atamfa. Ba a biya, ba a kuma cewa a'a. Baƙo ma saƙo ne. Idan mutum ya iso daga gida ba shi da takarda, sai a zaunar da shi gefen direba a matsayin karen mota, a kai shi shagon ɗan'uwansa a cikin ƙasa, ya laɓe har a sama masa kati. Ni ma haka aka kai ni Ndjolé shekarar da na zo. To da mutane suka gane cewa da waya za ka san motar da za ta tashi jibi, lambar sirrin nan ta zama kamar shayi, wanda ya zauna kusa da kai sai ka miƙa masa. Ramatou mai abinci a bakin ƙofarmu ta san ta. Mai aski a Awendjé ya san ta. Akwai kuma wani ɗan gurbi a shafin da Matthew ya bari don direba ya rubuta in taya ta yi faci ko birki na kuka. Direbobi suka mai da shi wurin saƙo. “Buhun Hajiya Kaltoumi.” “Da baƙo ɗaya.” “Da baƙi biyu, a sauke su Bifoun.”

Matthew ya yi magana, ya sake yi. Duk sanda ya buɗe baki sai a ce Fasto ya fara wa'azi. Aka yi shekaru a haka, ba abin da ya faru.

Sai shekarar nan ta zo da nata. Naira ta faɗi, 'yan Najeriya da ke nan suka ƙara riƙe aikinsu da hannu biyu, don abin da suke aikawa shi ke riƙe da gidaje. Matthew na da uwa da ƙanne a wuyansa. A kasuwa kuma raɗe-raɗi ya cika cewa sefa ma za a karya ta, kamar yadda aka yi mana muna matasa, lokacin da mutum ya kwanta da ajiyarsa ya tashi da rabinta. Ana cikin wannan aka yi zaɓe, gari ya kama da wuta. In gari ya rikice a ƙasar mutane, baƙo ake fara tambaya takarda. Shingaye suka yi yawa a hanya, wasu na hukuma, wasu Allah kaɗai ya san na wa. Alhaji kuwa ya riga ya tafi aikin hajji.

Ikirama direbanmu ne, mutum mai natsuwa, ba ya ƙara gishiri a magana. Ya tashi da siminti da baƙi biyu, magidanta 'yan Tasawa. Da hantsi sai ga shi ya juyo da motar da kayanta, gefensa babu kowa.

“Shef, bayan Ntoum ne. Makon jiya babu shinge a wurin. Rigar sama kaki, ƙafa silifa. Ban ko kashe mota ba ɗaya ya leƙo ya ce, ‘Ikirama?’ Sunana ya kira, Shef. Ya duba wayarsa ya ce, ‘Ina baƙin biyu?’”

“Ka tabbata haka ya ce?”

“Da Faransanci ya faɗa, amma na ji shi sarai. Motar da ke gabana da ta bayana ko kallonsu ba su yi ba. Ni suke jira.”

Sun sauke mutanen sun tafi da su. Muka yi ta bin ofisoshi, kowa ya ce bai san da wannan shingen ba. Ɗaya ya fito daga baya, bayan 'yan'uwansa sun sayar da abin da suka sayar. Ɗayan har yau ban ji inda yake ba. Kafin mako ya zagayo aka sake yi wa wata motarmu haka a wani wurin, ita ma an rubuta mata baƙo.

Washegarin wannan na biyun ne na tarar da Matthew a bakin famfo. Da layi ya dawo ya kira ni ciki. Rubutu na ta zubowa a fuskar kwamfuta, layi bayan layi.

Ya ce, “Kowane layi mutum ne ya shigo daga waje. Wannan daga Nijar ne, Alhaji Babba ke nan ko yaran shagonsa. Waɗannan duk daga cikin Gabon ne.”

“Wanne ne na mutanen shinge?”

“Ban sani ba. Duk da lamba ɗaya suka zo. A wurin injin nan, mai askin Awendjé da wanda ya tsare Ikirama mutum ɗaya ne.”

“To canza lambar.”

“In canza da safe, Shef, kafin azahar Ramatou ta tambayi Ikirama. Ikirama zai iya hana matar da ke ajiye masa ƙanzon tuwo?”

“To goge wurin saƙon.”

“Na goge. Amma hoton katin kowa na ciki, har da ranar da zai mutu. Wanda ya shigo zai san direban da ya kamata ya jira. Abu ɗaya ya rage. In rufe ƙofar waje gaba ɗaya. Wanda ke cikin gareji ya gani, wanda ke waje, ko waye shi, kada ya gani.”

“Har Alhaji Babba?”

“Har Alhajinmu, tunda yana Makka.”

Mun nemi Alhaji a waya, ba ta shiga, ranakun Mina ne. Ga motoci a tsakar gareji an ɗaure musu tamfol suna jiran tashi. Ni ikona bai wuce tayoyi ba, ba ni da hurumin ce masa yi ko bari. Abu ɗaya na tuna masa. Katin zamansa saura kaɗan ya mutu, kuma ba a sabunta kati sai da takardar maigida mai shaidar cewa kana aiki a wurinsa, da sa hannunsa a ƙasa. In babu kati babu zama, shi da matarsa da 'yarsa.

Na ce, “Bakano, ka san hannun wa kake jira.”

“Na sani.”

“Ka kuma san Alhaji bai taɓa tsallake maganar yayansa ba.”

“Shef, ƙofar nan da hannuna na buɗe ta.”

Ya juya ga kwamfuta. Ban ga wani abin kallo ba. Akwai ƙaramin akwati da layin waje ke shigowa ta cikinsa. Ya goge umarnin da ke gaya wa akwatin ya wuce da na waje zuwa saba, ya rubuta wani mai cewa a amsa wa kwamfutocin gareji kawai. Bai kai a dafa shayi ba. Rubutun da ke zubowa ya tsaya cak. Ya tashi ya je ya ɗauko rariyarsa, ta bushe.

Kafin la'asar bakin ƙofa ya cika. Masu saƙo, 'yan kasuwar da muke ɗaukar wa kaya, har da waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba, kowa riƙe da waya yana nuna mini kamar ni na lalata ta. Ramatou ta hango Matthew ta ɗaga ludayi.

“Fasto! An ce ka kulle mu waje kamar awaki. Mu ne ɓarayin?”

“Inna Ramatou, ban ce ke ce ba.”

“To wa?”

“In da na san shi, da shi kaɗai zan rufe wa.”

“To yau miyarka babu nama. Je ka ci kwamfuta.”

Ya fito da benci ya ajiye a ƙofar ofis, ya ce duk mai saƙo ya shigo ya tambayi Shef baki da baki, kamar yadda ake yi a da. Wasu suka shigo. Wasu suka juya da fushi. Wani dattijo ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, wai tun da yake a garin nan bai taɓa ganin an rufe wa ɗan'uwa ƙofa ba, sai da aka ba ɗan coci makulli. Matthew ya ji. Ya koma ciki ya yi ta buga takardun motoci da katunan direbobi, yana liƙe su cikin roba da injin zafi don kada ruwa ya ci, kowane direba ya ba shi nasa a hannu kafin ya tashi.

Wanda ke kan hanya ne bai samu ba. Lawali, wani direbanmu, yana saukowa daga iyakar Kamaru da albasa, kuma albasar Alhaji Babba ce ta kansa. Ruwa ya jiƙa masa takardar kaya ta zama kunu. A shingen hukuma na gaskiya aka tambaye shi, ya ciro waya kamar yadda ya saba, shafi ya ƙi buɗewa. Hanyoyin aika hoto ta waya kuwa duk a toshe suke a lokacin. Matthew ya buga takardar ya shiga motar haya da kansa, da katinsa mai shirin mutuwa, ya bi shingayen nan ɗaya bayan ɗaya ya kai masa. Kafin ya isa Lawali ya yi kwanaki a ƙarƙashin mota, sauro ya gama da shi, albasa kuma ba ta jimirin laimar ƙasar nan. Da motar ta shigo gareji tun daga ƙofa muka ji wari. Rabi aka zubar. Wannan ma aikin Matthew ne, kuma shi bai taɓa cewa ba nasa ba ne.

Da Alhaji ya kira, muna ofis ni da Matthew da Hadidja, akawun kamfanin. Ya ce a buɗe murya kowa ya ji.

“Matthew.”

“Ranka ya daɗe, Alhaji. Allah ya karɓi ibada.”

“Amin. Yayana ya kira ni har nan. Ya ce ya taɓa waya an nuna ba a san shi ba, a gidan da ya gina. Ga albasa kuma. Me kake yi mini?”

Matthew ya yi bayani a gajarce: shingen, sunan Ikirama, mutanen Tasawa.

“Na ji. Allah ya kiyaye gaba. Yanzu buɗe masa.”

“Alhaji, zan iya yi masa hanya tasa shi kaɗai, wadda ba ta aiki sai a wayarsa. Amma sai an saka wani abu a wayar, kuma kada ya ba kowa ita.”

“Mutum mai 'ya'ya da jikoki cike da shago zan ce wa kada ya ba kowa wayarsa? Mayar da ita yadda take.”

“Ba zan iya ba, Alhaji.”

Muna jin hayaniyar alhazai a bayansa.

“Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?”

“Ba zan yi ba, ranka ya daɗe. Makullin ɗakin yana nan. In ka dawo ka duba ka ga a buɗe, ka sa wani ya buɗe. Ni dai hannuna ba zai yi ba.”

Alhaji ya ce, “To.” Ya kashe waya.

Hadidja ta cire tabarau ta dube shi. “Kai kam, Matthew, ka yanki tikitin gida da bakinka.”

Bayan rufewar ba a sake kiran direbanmu da suna a hanya ba. Ko rufewar ce, ko mutanen ne suka koma wata hanya, ban sani ba. Ba a kama kowa ba. Ba mu taɓa sanin bakin da lambar ta bi ta fita ba, mai yiwuwa ma wanda ya bayar bai san ya yi wani abu ba.

Alhaji ya dawo, aka yi ta zuwa barka. Ya raba dabino da zamzam da huluna, Matthew ma ya samu dabinonsa da hula kamar kowa. Bayan ya huta ya shiga ɗakin saba, ya zauna cikin sanyin nan da babbar rigarsa, Matthew ya nuna masa abin da ya nuna mini. Ya sa aka kira Ikirama ya maimaita labarinsa. Ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya fita. Bai ce a buɗe ba, bai kuma kira wani ya buɗe ba.

Hadidja ta shirya takardar aikin Matthew ta ajiye a teburin Alhaji. Ya ce sai an jima. Washegari ya ce alƙalaminsa na mota. Da aka kwana biyu ya ce bari ya ga yadda gari zai kasance. A wurinmu babban mutum ba ya cewa a'a, kuma Matthew ya zauna da mu ya isa ya gane. Ni ne na kasa haƙuri, na same shi bayan azahar.

“Alhaji, takardar mutumin nan.”

“Abdu, zauna.” Ya daɗe yana juya carbi. “Gaskiyarsa ce. Na gani da idona. Ƙofar nan ba za a sake buɗe ta ba.”

“To sa hannu.”

“Yaya ya yafe albasa. Ƙofar ma ya haƙura da na yi masa bayani. Abin da bai haɗiye ba shi ne ɗan aiki ya ce wa ƙanensa ‘ba zan yi ba’ a gaban mutane, maganar kuma ta kai Maraɗi. Ya ce in yaron ya zauna, shi ya fita.”

“Kai ka ce a buɗe murya, Alhaji.”

Ya ci gaba da juya carbinsa.

Na ce, “Ka riƙe aikinsa, ka kore shi.”

“Ban kore shi ba.”

“Ka bar kati ya kore shi.”

Ya ɗago ya dube ni. “Yayan nan nawa shi ya ɗauko ni daga bayan jaki, Abdu.”

Alhaji ba mugu ba ne. Ya biya Matthew haƙƙinsa har da ƙari. Hannu ne dai bai sa ba.

Matthew ya zaga wasu kamfanoni, amma a lokacin babu mai sa wa baƙo hannu a takarda. Na ce masa ya zauna haka nan, mutane nawa ke zaune babu kati. Ina da aboki mai shago a Ntoum da zai ba shi ɗaki, ya riƙa gyaran waya har gari ya lafa.

Ya ce, “Ni zan iya ɓuya, Shef. Loveth fa? Kullum in ta tafi makaranta in wuni ina tunanin ko za ta dawo ta tarar da ni?”

Magdalene ta sayar da keken ɗinkinta. Ranar da ta zo gareji karɓar kwalayen da za su zuba kaya, ta tsaya a bakin ofishina ba ta zauna ba.

“Baba Abdu, na gaya masa tun farko. Na ce kayansu ne, mutanensu ne, ka buɗe musu abinsu ka karɓi takardarka. Ka san me ya ce mini? Wai mutanen Tasawan nan ma suna da mata.” Ta gyara ɗankwali. “Ni kuma ban san me zan gaya wa yarinyar nan ba. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, ta ɗauka hutu za mu.”

Makonnin da suka rage masa bai yi sanyi da aiki ba. Ya zaunar da Hadidja ya koya mata kunna injin da kashe shi, da kwafe abin da ke ciki a wani faifai kowace Juma'a, da abin da za ta yi in wuta ta ɗauke. Tana cewa ita akawu ce ba makanike ba, yana cewa ta sake yi ya gani. Ya ba kowane ma'aikacin ofis sunansa da lambarsa, wannan karon Alhaji bai yi dariya ba. Ni ma ya ba ni tawa, ya ce in Ramatou ta tambaye ni in ce na manta, tunda Damagarawa dama ba a san su da riƙe abu a kai ba.

Ranar tafiya motar Ikirama ce za ta arewa, har Bitam, daga can su nemi ta Kamaru. An ɗaure jakunkunansu a kan siminti, Magdalene da Loveth suna gaba. Direbobin da ke gari suka fito sallama. Lawali bai fito ba. Alhaji ya aiko a ce Allah ya kiyaye hanya.

Matthew ya miƙa wa Hadidja makullin ɗakin. Ya sa ta goge sunansa daga cikin injin yana tsaye a kanta, sai da ya ga ya ɓace ya fito. Muka taka tare har waje. Ikirama ya riga ya fitar da mota titi, injin na aiki. Maimakon ya hau, sai ya tsallake lambatu ya tsaya a gefen titi, ya ciro wayarsa ya yi rubutu, ya tsaya yana kallo.

“Me kake nema kuma, Bakano?”

“Ƙofar shafin nake ƙwanƙwasawa.”

“An amsa?”

Ya jira kaɗan, sannan ya juyo mini da fuskar wayar. Fari fat, sai ɗan gajeren rubutu a tsakiya.

“Ba a amsa ba.”

Ya sa wayar a aljihu, ya kama ƙarfen ƙofar mota ya hau, ya ɗauki Loveth ya ɗora a cinya, ya ja ƙofa.